Waɗanda suka zuba jari a harkar POS da manhajojin kuɗi tun wahalar ƙarancin tsabar kuɗi ta 2023, me kuka gani?

Ɗan Kwari

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon atamfa a Kantin Kwari, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ɗan yayana ya gama karatun kwamfuta, ya yi hidimar ƙasa, ya zo mini da magana biyu. Ta farko, in ba shi jari ya buɗe rumfunan POS guda uku a unguwa ya sa yara. Ta biyu, shi da abokansa biyu suna haɗa manhajar rubuta ciniki da bashi don 'yan kasuwa, suna so in sa naira miliyan 2 su ba ni kaso a kamfanin.

Yaron natsattse ne, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Amma kuɗin nan na kayan ɗakin 'yata ne nake tarawa. Kullum hujjarsa ita ce Moniepoint, wanda ya fara a 2015 da sunan TeamApt, kuma a Oktoban 2024 masu zuba jari, har da Google, suka sa masa dala miliyan 110, darajarsa ta haura dala biliyan 1. Ba na musa masa, domin na'urarsu ce a kan teburina yanzu haka. Don Allah wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin harkokin nan ya faɗa mini abin da idonsa ya gani.

Mai Lema

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni a 2021 na fara, da lema da teburi da na'ura ɗaya a bakin titi. A layinmu lokacin mu biyu ne kacal, sai mutum ya yi tafiya kafin ya samu na uku.

Da Babban Banki ya canza takardun 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara shi zuwa 10 ga Fabrairu, sai kuɗi suka ɓace ɓat. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne mu ma sayen kuɗin muke yi. Kafin asuba nake zuwa gidan mai da wurin masu burodi, in tura musu tiransifa da ƙari a kai su ba ni tsabar cinikinsu na jiya. Akwai ranar da na sayi dubu 100 a kan dubu 115. To nawa zan caji mai cirewa? An zage mu sosai a lokacin, kuma gaskiya wasunmu sun cancanci zagin, domin na ga mai karɓar dubu 3 a kan dubu 10.

Akwai daren da ba na mantawa. Bayan isha'i ina naɗe lema, wata dattijuwa ta zo da takardar asibiti a ninke a gefen mayafinta, da katin ɗanta. Jikanta ne a kwance, mai kemis ya ce sabis ɗinsa ba ya tafiya, sai tsaba. Dubu 4 ce ta rage mini, wadda na ware don cefanen gida. Na zura katin sau uku yana ƙin tafiya, ita kuma tana tsaye tana kallon fuskar na'urar kamar za ta iya karanta abin da ke jiki. Na ba ta kuɗin na ce ta dawo gobe. Ta dawo da hantsi, ta kawo mini har da ƙosai a leda. Har yau a wurina 'ya'yanta suke cire kuɗi.

Amma maganar jari, Alhaji, kasuwar yau daban ce. A layin da muke mu biyu yanzu na ƙirga mu goma sha ɗaya. Naira 100 nake karɓa a kan dubu 5, a ciki kamfani zai cire nasa, ga data, ga takardar rasit, ga cajin na'ura. Idan kwana biyu ba ka yi ciniki ba wakilin kamfani zai kira ka a kan taget. A 2024 aka ce kowa ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na biya na yi. A Disambar shekarar kuma Babban Banki ya ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai cire sama da dubu 100 a rana a wurinmu ba. Su kansu masu shaguna da mai shayi da mai nama duk sun manna lambar asusu a bango, wanda a da zai zo ya ciri kuɗi ya je ya saya, yanzu can yake turawa kai tsaye.

Na taɓa sa yaro a rumfa ta biyu. Wata huɗu na rufe ta. Bai gudu da kuɗi ba, ɗari biyar yau, dubu gobe, ya ce kwastoma ne ya ce an cire masa ba a biya ba. Kafin in ankara jarin ya zaizaye. Idan ɗan naka zai zauna da kansa a rumfa ɗaya zai samu na abinci. Uku da yara, ban ba ka shawara ba.

Maman Hanan

Baba Alhaji, ni ba POS nake yi ba, turaren wuta da humra nake haɗawa a gida, amma bari in faɗi nawa domin ta nan na ga amfanin abin. Kafin 2023 ba ni da asusu. Asusun maigida nake bayarwa, sai ya dawo da dare mu zauna muna lissafin wane kuɗi ne nawa, wane ne nasa. Da wahalar nan ta zo, ƙanwata ta buɗe mini asusu a waya muna zaune a tsakar gida, ban taka ƙofar banki ba. Daga baya da aka ce a haɗa da BVN ko NIN na je na yi. Yanzu ina sa kaya a sitatus ɗin WhatsApp, mace a Gombe ko Abuja ta tura kuɗi, almajirina ya kai tasha a ba direba. Adashenmu ma na mutum goma sha biyu ta waya muke zubi.

Sau ɗaya aka cuce ni, kuma ya yi mini ciwo. Wata ta yi odar kayan amarya na dubu 85, ta turo hoton rasit, saƙon alat ma ya shigo wayata. Ranar ina fama da baƙi, ban buɗe manhajar na duba ba, na ɗaure kwali na ba ɗan sahun da ta aiko. Da dare na duba, babu ko sisi. Alat ɗin na bogi ne, lambar kuma a kashe. Kwana uku ban iya kallon kaskon turare ba. Tun ranar, ko 'yar'uwata ce sai na ga kuɗi sun zauna a ciki kafin kaya su fita.

Game da manhajar ɗanka kuwa, ni a littafin makaranta nake rubuta bashi, kuma bai taɓa ɓata mini ba. Idan da Hausa take, kuma za ta tura wa mai bashi tunatarwa ba sai na kira na ji kunya ba, zan gwada. Amma in ce zan biya kuɗi duk wata, gaskiya da wuya.

Na Dawanau

Allah ya mayar miki da alheri Hajiya. Ni hatsi nake saye a kasuwannin ƙauye. A Fabrairun 2023 na ga manomi ya karya farashin buhun masararsa don kawai a ba shi tsaba a hannu, mai tiransifa ya ba shi farashi mafi tsada ya ƙi. Ba jahilci ba ne. Garinsu sai an hau tudu ake samun sabis, ba shi da asusu, kuma sau biyu ana tura masa ta asusun ɗan maƙwabci ana rigima. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, a ƙarar da Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, a ƙauye aka fi kowa ajiyar zuciya.

Har yau ranar kasuwa tsaba ce sarki a can. Wanda na ga yana samu da POS shi ne mai bin kasuwannin mako da jari mai kauri, yau Wudil, wani satin Maigatari. Sai dai yawo da kuɗi a hanyoyin nan kowa ya san hatsarinsa.

Injiniya daga Kaduna

Alhaji, ni magana ta biyu zan taɓa, domin na yi ta kuma na sha wuya. A 2021 mu huɗu muka kafa ɗan kamfanin kai saƙo da babura, ana oda ta manhaja. Kawuna ya sa miliyan 3, ni na sayar da fulotina. Mun kai shekara biyu. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dala da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700, farkon 2024 ta wuce 1,500. Mu kuma kuɗin saba, wato kwamfutar intanet da manhajar ke zaune a kai, da dala muke biya, ciniki kuwa da naira. Ranar da muka rufe, na je gidan kawu da takardar lissafi. Ya karɓa, ya ajiye a kan darduma bai buɗe ba, ya ce in ci abinci tukuna. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, kuma wannan ya fi yi mini nauyi a kan da faɗa ya yi.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne yadda manyan masu zuba jarin nan suke lissafi. Suna sa kuɗi a kamfanoni masu yawa, sun san mafi yawansu za su mutu, suna jiran ɗaya ko biyu su biya asarar sauran. Kuma ba ribar wata-wata suke jira ba, sai ranar da aka sayar da kamfanin ko aka sayi kasonsu, kamar yadda kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Najeriya a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. Kai kuwa kamfani ɗaya za ka sa wa, da kuɗin da ke da ranar amfani.

Waɗanda suka yi nasarar ma duba abin da ke bayansu. OPay ya haɗa harkar kuɗi da babura da kai abinci, da Legas ta hana acaɓa a manyan unguwanninta a Fabrairun 2020 ya ajiye babura ya riƙe harkar kuɗi, a 2021 ya samu dala miliyan 400 daga masu zuba jari da kamfanin SoftBank ya jagoranta. PalmPay ya fara a 2019 da dala miliyan 40, kuma Transsion mai Tecno da Infinix da itel ne a bayansa, wato wayar da ke aljihun yawancinmu. Da irin wannan kuɗin ne suka iya raba na'ura da araha, suka yi shekaru suna barin tiransifa kyauta har mutane suka saba.

Ita kanta manhajar rubuta bashi an yi ta. Kippa ta samu dala miliyan 8.4 a 2022 a kan wannan tunanin, amma a ƙarshen 2023 ta rufe sashenta na POS ta sallami ma'aikata. Matsalar ita ce wadda Maman Hanan ta faɗa: ɗan kasuwa zai yi amfani da ita, biya ne ba zai yi ba. Ban ce yaran ba za su iya ba. Sun san Kwari, sun san Hausa, sun san yadda ake ba dillali kaya a kan amana zuwa bayan sallah, wanda na Legas bai sani ba. Ka tambaye su shago nawa ne ke amfani da ita yau, kuma nawa ne a ciki suka taɓa biyan ko naira 500.

Malam na Zariya

Abu ɗaya zan ƙara, don na sha zama sulhu a kan irinsa. Ku fayyace tun farko: rance ne ko haɗin jari? Idan rance ne, kuɗinka za su dawo yadda suke ba ƙari. Idan haɗin jari ne, riba a raba bisa yarjejeniya, asara kuma ta hau kan dukiya, ba za ka zo daga baya ka ce ya biya ka ba alhali bai yi sakaci ba. A rubuta, a sa shaidu, ko da ɗanka ne na cikinka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Gidaje biyu na sani da ba sa gaisawa yau saboda an bar magana a baki. Sannan wasu manhajojin suna da sashen ajiya mai ƙara kuɗin ruwa kullum, a duba kada a kunna shi ba a sani ba.

Ɗan Kwari

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Injiniya, na yi masa tambayarka jiya bayan magariba. Ya ce shago tara ne ke amfani da ita, babu wanda ya taɓa biya, kuma huɗu daga ciki 'yan'uwan abokinsa ne. Bai ɓoye mini ba, wannan ya ƙara masa daraja a idona.

Ga abin da muka tsayar. Kuɗin kayan ɗaki ba zan taɓa su ba. Zan ba shi gefen shagona ya ajiye na'ura ɗaya ya zauna da kansa, da jarin dubu 300 daga cinikina, haɗin jari, kuma Malam, za mu rubuta ranar Juma'a a gaban yayana da limaminmu. Manhajar kuma ni zan zama shago na goma, zan sa yarana su rubuta bashin wata uku a ciki, littafi na gefe, mu ga ko lissafin zai zo ɗaya. Na kuma yi wa maƙwabtana biyu a layi magana sun ce ya zo ya nuna musu.

Mai Lema, tambaya ɗaya ta rage mini: a cikin kasuwa irin Kwari, inda kowane shago ke da tasa na'urar, masu cire tsaba suna da yawan da zai riƙe shi, ko gara ya nemi bakin tasha?