Kujerar hagu a gida ko kujerar dama a Gulf? Ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Wata magana ce ta hana ni barci, ina so ku sa baki kafin in sa hannu a kowace takarda.

Ni mataimakin matuƙi ne a wani kamfanin jiragen cikin gida, ina kan Boeing 737, zirga-zirgarmu Kano, Abuja, Legas da Fatakwal. A Zariya na yi karatu, ina da ATPL, wato babban lasisin tuƙin jirgin fasinja, na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya (NCAA), awoyina na tashi sun haura dubu uku, shekaruna 33. Kwanaki shugaban matuƙanmu ya kira ni ofis ya ce sunana na cikin waɗanda za a ɗaga zuwa kyaftin, wato mai zama a kujerar hagu, in sha Allah baɗi. Da baki ya faɗa, babu takarda. Ana cikin haka sai wani babban kamfani na yankin Gulf da na nema tun bara ya amsa, na ci matakin farko, yanzu suna jira in je gwajin simileta (na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi) da binciken likita. In sun ɗauke ni Boeing 777 zan hau, amma a kujerar dama ta mataimaki, kuma ni ne zan zama na ƙarshe a layin zama kyaftin.

Abin da ya riƙe min ƙafa: yarjejeniyar da na sa wa hannu lokacin da kamfani ya biya min horon 737 ba ta ƙare ba, saura fiye da shekara. Ina da mata da yara biyu, ga mahaifiyata a Kano, ni ne babban ɗa. Albashin can kuwa ba a haɗa shi da na nan, musamman tun da aka saki naira a 2023. In haƙura in hau kujerar hagu tukuna, ko in tafi?

Kyaftin mai ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni dai da kai nawa ne, cewa zan yi ka tsaya ka karɓi kyaftin ɗinka. A idonmu aka rufe Nigeria Airways a 2003, Bellview ya tsaya a 2009, Air Nigeria ya bi a 2012, hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe Arik a 2017. Duk lokacin da kamfani ya durƙushe, matuƙan da suka fi saurin samun wani aiki su ne masu awoyin kyaftin a littafinsu. Kamfani na iya mutuwa, a tuɓe maka yunifom, amma awa dubu da ka yi kai ne shugaban jirgi babu mai goge ta. Mataimaki kuwa, ko da awa dubu bakwai ya zo, mataimaki za a ɗauke shi.

Sannan kada ka raina aikin da kake yi. Tashi huɗu a rana, sauka a Kano cikin hazon hunturu, hadarin damina a kan hanyar Legas, wannan shi ke gina matuƙi. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba ka har shekara 65 a jirgin fasinja mai matuƙa biyu. Shekara 32 ke gabanka, shekara biyu ba za su rage ka da komai ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Matuƙi a Gulf:
Ranka ya daɗe Kyaftin, ina girmama maganarka, amma ƙwan nan bai shiga bakinsa ba tukuna. Alƙawarin baki ne. Ɗaga mutum zuwa kyaftin ya danganta da yawan jiragen da ke tashi, kuma duk mun san yadda ake yi a gida: jirgi ya tafi babban gyara ƙasar waje, dala ta yi wuya, ya shafe watanni bai dawo ba, sai a ce an dakatar da horo. Shugaban matuƙa bai yi ƙarya ba, kawai ba shi ke riƙe da kuɗin ba.

Ɗan'uwa, a babban kamfani ranar da ka shiga ita ce kusan komai. Da ita ake lissafin lokacin da za a duba ka don kyaftin, duk wanda ya riga ka shiga da wata ɗaya yana gabanka har ku yi ritaya. Kuma ɗaukar ma'aikata tana zuwa ne lokaci lokaci. Yanzu ƙofa a buɗe take saboda kamfanonin yankin sun yi odar jirage da yawa, ga Riyadh Air da Saudiyya ta kafa a 2023 yana jan mutane. Babu wanda zai rantse maka cewa bayan shekara biyu haka abin zai kasance.

Kuma ka sani, in ka zama kyaftin a 737 sannan ka nemi 777, mafi yawan lokaci kujerar dama za su sake mayar da kai. Na tashi da mutanen da suka yi shekaru suna kyaftin a ƙasashensu, suka zo nan suna karanta wa wani kyaftin jerin abubuwan dubawa na jirgi.

Ba zan ɓoye maka wahalar ba. Tafiyar awa goma sha huɗu, tashi ƙarfe biyu na dare, jiki bai san safiya ba bai san yamma ba. A wata guda sai ka sauke jirgi da hannunka sau biyu ko uku kacal, har wani lokaci sai an kai mutum simileta don ya cika tashi uku da sauka uku da doka ke nema cikin kwana 90. Ga gwajin da ke gabanka: ka je ka maimaita sauka da ILS (siginar da ke nuna wa jirgi hanyar sauka) ba tare da na'urar jagora ba, da mutuwar inji ɗaya bayan V1, wato gudun da in an wuce shi ba a fasa tashi. Sun fi kallon yadda kake magana da abokin tuƙinka fiye da yadda allura ta tsaya cak.

Wanda ya je ya dawo:
Ni na yi irin wannan tafiyar, 2020 ta dawo da ni. Da korona ta tsayar da jirage, kamfanin da nake yi wa aiki a can ya sallame mu da yawa. Babu ƙungiyar ma'aikata da za ta tsaya maka, ba kamar nan da aƙalla akwai NAAPE, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage, ba. Izinin zamanka da na iyalinka a jikin aikin yake ɗaure, gidan da kake ciki da kuɗin makarantar yara duk haka. Aiki ya tafi, sai a fara ƙirga maka kwanakin tattara kaya. Na dawo na tarar da yaran da na bari a kujerar dama sun zama kyaftin, ni ban da ko awa ɗaya ta kyaftin, a bayansu na sake zama.

Duk da haka ba na ce kada ka je ba. Abin da na tara a 'yan shekarun nan shi na gina gida da shi. In za ka je, ka sayi inshorar rasa lasisi da kuɗinka, domin likita na iya tsayar da kai rana ɗaya a kan hawan jini ko ido. Ka kuma tuna nan ana zuba maka fansho, kashi 8 daga albashinka, kashi 10 daga kamfani. A Daular Larabawa abin da dokar ƙwadago ta tanadar wa baƙo kuɗin sallama ne, albashin kwana 21 a kowace shekara cikin biyar na farko, kwana 30 bayan nan. Ba a cire harajin albashi, gaskiya ne, amma ajiyar tsufa a wuyanka take.

Lauya a harkar jirage:
Malam, kafin komai ɗauko yarjejeniyar nan ka karanta da kyau. Abu biyu za ka duba: kuɗin yana raguwa wata wata ne, ko dunƙule yake har ranar ƙarshe? Kuma da naira aka rubuta ko da dala? In da dala ce, abin da ya yi kama da ƙaramin bashi lokacin da dala take ƙasa da naira 500 yanzu ya ninka fiye da sau biyu.

Kada ka kuskura ka sulale. Sabon kamfanin zai nemi NCAA ta tabbatar da lasisinka, zai nemi takardar shaida daga inda ka baro, da hatimi a littafin awoyinka. Harkar nan ƙarama ce, shugabannin matuƙa sun san juna, waya ɗaya ta isa. Ka ba da sanarwar barin aiki yadda takarda ta ce, ka zauna da su a kan biyan ragowar kaɗan kaɗan, a rubuta. Kuma kada ka ajiye aiki don ka ci simileta, sai kwantiragi ta zo hannunka kuma likitansu ya wanke ka. Ga sauran 'yan'uwa masu karantawa: duk wanda ya ce ka tura kuɗi ya samo maka gurbin intabiyu, ɗan damfara ne.

Uwargidan wani kyaftin:
Ƙanena, duk kun yi maganar jirgi, ba wanda ya tambayi matarka. Ita za ta zauna da yara a ƙasar da ba ta da kowa, kai kana can wata nahiya kwana huɗu. Ka zaunar da ita ka faɗa mata yadda jadawalin yake, ba albashin kaɗai ba. Batun Hajiya kuma, kada ka dogara da cewa za ta riƙa zuwa. A 2022 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza, sai 2024 aka buɗe, Emirates ma sai a Oktoban 2024 ya dawo Legas. Iyalai da yawa sun ji jiki a tsakanin nan. Ka je ka same ta da kanka, ka ji abin da ke ranta, ka san wanda zai riƙa kai ta asibiti in ba ka nan.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Barista, na duba, da dala aka rubuta amma yana raguwa duk wata. Anti, maganarki ta shige ni, gobe zan je gida. Wani abu da ban faɗa ba: jiragenmu tsofaffin 737-300 ne, ban taɓa tuƙa 737-800 ba. Wannan zai canja lissafin?

Matuƙi a Gulf:
Ya canja shi sosai. Kamfanonin da ke ɗaukar kyaftin kai tsaye a kan 737, irin su flydubai, sababbin samfura suke tuƙawa, 800 da MAX, kuma tallarsu kan nemi awoyin kyaftin masu yawa na kwanan nan. Awoyin kyaftin a 300 suna da daraja, amma ba za su buɗe maka kowace ƙofa ba. Wanda ya gayyace ka da waɗannan awoyin ya yi maka abin da ba kowa zai yi ba.

Kyaftin mai ritaya:
To, a nan na ɗan sassauta. Amma akwai tsaka-tsaki: ASKY a Lome da Ethiopian duk suna da sababbin 737, kuma Lome ba ta da nisa da Hajiya. Ga abin da za ka yi, ɗana. Ka je gwajin nan, zuwa gwaji ba ajiye aiki ba ne. Kafin sakamako ya fito, ka koma wurin shugaban matuƙanku cikin ladabi ka tambaye shi abu uku: mutum nawa ke gabanka, an riga an kama gurbin simileta na horon kyaftin, kuma zai iya ba ka wata da shekara a rubuce? Ka tambaya ko ɗagawar za ta zo da sabuwar yarjejeniya, don galibi tana zuwa da ita. In ya ba ka takarda mai kwanan wata cikin watanni shida, ka zauna ka yi awa dubu a hagu. In ya ce ka ƙara haƙuri ana dubawa, ka yi istihara, ka biya su kuɗinsu, ka tafi.

Mai tambaya:
Na ji, Baba. Ranar Litinin ina da tashin safe zuwa Abuja, in na dawo zan shiga ofishinsa. Wanda ke da takardun shirin simileta na 777 don Allah ya turo min ta akwatin saƙo.