Neman kalma kafin Alhamis: me za mu kira "backup" da Hausa?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum. Malamai a taimaka mini, lokaci ya ƙure. Ni ke kula da sabar imel (kwamfutar da ke riƙe wasiƙun kowa) ta wata ƙungiya a nan Kaduna, akwatin saƙo kusan 40. Manhajar Postfix ke karɓa da aikawa, manhajar Dovecot ke miƙa wa wayoyin mutane. Daren Asabar za mu yi ƙaura zuwa sabuwar na'ura, kuma Shugaba ya ce in rubuta bayani na shafi ɗaya da Hausa, a karanta wa ma'aikata ranar Alhamis bayan azahar. Komai ya tafi daidai sai wannan kalma ta "backup", wato kwafin bayanai da ake riƙewa daban don a maido in na asali ya ɓace.

Kada a ce mini "ajiya", ta taɓa jawo mini matsala. Bara na ce musu akwai ajiya a saba. Wata baiwar Allah wayarta ta cika, sai ta goge wasiƙun wata shida, a ganinta ai suna can a ajiye. Alhali da tsarin IMAP wayar da sabar kamar mutum ne da madubi, abin da ka goge nan ya gogu can. Ta zo ofis da safe hannunta na rawa, rasidai ne na kuɗin mutane a ciki. Allah Ya taimake ni ina da kwafin shekaranjiya. Ina neman kalmar da in an ji ta za a gane abu biyu ne, ɗaya na aiki, ɗaya na jiran ranar ɓaci.

'Yar Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Ni a fassara nakan rubuta "kwafin ajiya", amma tunda ajiya ta ƙone ka, gwada "kwafin ko-ta-kwana". Kowa ya san ko-ta-kwana, ba sai an yi dogon bayani ba. Aikatau kuma: a ɗauki kwafin ko-ta-kwana, a maido daga kwafin ko-ta-kwana.

Injiniyan Kakuri: Oga rubuta bakof kawai. Je wajen masu gyaran waya ka ji, yaron da bai gama firamare ba zai tambaye ka "an yi bakof kafin a yi filashin?" In dattawa ba su gane ba ka ce musu safaya ce, irin ta mota. Wani abu kuma, tun yau ka rage TTL na MX ɗinka (tsawon lokacin da sauran sabobi ke riƙe adireshin sabarka kafin su sake tambaya) zuwa daƙiƙa 300, ka sa sabon adireshi a SPF (jerin sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunanku), kuma kada ka kashe tsohuwar sabar sai bayan kwanaki. Makullin DKIM ma, wanda ke sa hannu a saƙonninku, ka ɗauki kwafinsa, mutane da yawa nan suke mantuwa, sai su ga Gmail na jefa saƙonsu a kwandon shara.

Tsohon Malamin Hausa: 'Ya'yana, abin nan yana ba ni takaici. Saba, kwafi, bakof, safaya, filashin. Ina Hausar take a nan? Kalmar da kuke nema kakanninmu sun riga sun yi ta: RUMBUN TSIMI. Manomi yana da rumbun da ake ɗiba kullum, yana da wanda aka liƙe bakinsa da laka, ba a fasa shi sai damina ta yi nisa, hatsi ya yanke. Ni da idona na ga ranar da mahaifina ya fasa nasa, da bismilla, mu yara muna tsaye muna kallon damman gero. Wace kalma ta fi wannan dacewa? Tun 1934 Bargery ya tara kalmomin Hausa a ƙamus mai kauri, a 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, su Abubakar Imam suka kawo wa mutane labarin yaƙin duniya da Hausa tsantsa. Mu ne yau za mu kasa?

Ɗan Kawo: Baba, wallahi kalmar ta yi mini daɗi a kunne. Bari in yi tunani.

'Yar Unguwar Rimi: Baba, da girmamawa, akwai matsala biyu. Ta farko, rumbu ya riga ya samu aiki, a labarai kullum ana cewa rumbun adana bayanai, mutane za su haɗa su. Ta biyu ta fi girma. Hatsin da ke rumbun tsimi wani hatsi ne daban, ba shi ne wanda ake ci ba. In rumbun gida ya ƙone, ka ci na tsimi ka ƙoshi, ba ka damu ko wane dami ne ba. Amma ita baiwar Allah da ta goge rasidai, ba wasu rasidai take so ba, su ɗin dai take so, harafi da harafi. Dole kalmar ta ɗauki ma'anar kwafi.

Tsohon Malamin Hausa: To a ce juyi. Malaman zaure juyar littafi suke yi da tawada tun kafin Bature ya zo. "Juyin tsimi."

Injiniyan Kakuri: Baba in aka karanta wa ma'aikata cewa daren Asabar za a yi juyi, rabinsu juyin mulki zai faɗo musu a rai. Kuma Baba a yi mini afuwa, shi kwabon da ke sunan jaridar ai daga Turanci ya zo. Littafi da alƙalami kuwa Larabci. Mota fa? Ba wanda ya ce su ba Hausa ba ne.

Tsohon Malamin Hausa: Aron da aka yi don babu daban, aron da ake yi don kasala daban. Ku 'yan Kaduna kun saba haɗa Hausa da Turanci da buroka a jimla ɗaya, har kun daina jin nauyin abin. A Kano ko Katsina ba za a tsaya ana gardama a kan wannan ba.

Ɗan Tudun Wada: Haba Baba, wannan kuma bai yi ba. Daga Kaduna Rediyon Tarayya ta yi shekaru tana shiga har Nijar da Kamaru da Hausar da kowa ke koyi da ita. Garin nan ne Bahaushe da Bagwari da Bayarabe da mutumin Kudancin Kaduna ke ciniki da Hausa a kasuwa ɗaya. Hausar da ta ɗauki wannan nauyin ba a raina ta. Kuma a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ma bakof suke cewa.

'Yar Unguwar Rimi: Ni abin da ke damuna shi ne, duk sa'ad da aka nemi kalma sai a koma wane gari ya fi iya Hausa. Bawan Allah nan jibi zai tsaya gaban mutane.

Tsohon Malamin Hausa: Ban ce kowa bai iya ba. Cewa na yi kishi ya yi ƙaranci. Idan ƙwararru irinku ba ku sa kalmar a takarda ba, wa zai sa? Jikokina ba su taɓa jin rumbun tsimi ba.

Injiniyan Kakuri: To bari in kawo abin da zai iya raba gardama. A aikinmu ƙa'ida ita ce kwafi 3, a kan na'ura iri 2, 1 daga ciki a wani wuri daban. Na taɓa ganin ofishin da suke bakof kowane dare, amma a faifai na biyu cikin kwamfutar guda. Wuta ta dawo da ƙarfi, ta ƙone duka biyun. Saboda haka abu biyu ne ma ke buƙatar suna: na kusa da ake ɗauka kullum da manhajar kwafar fayiloli ta rsync, da na nesa da ba a taɓawa. Wannan na nesan, na yarda, rumbun tsimi ya dace da shi.

Ɗan Kawo: Alhamdu lillahi, wannan ya buɗe mini hanya. Ga abin da na rubuta, a duba mini: "Kowane dare ana ɗaukar kwafin ko-ta-kwana na dukkan wasiƙu. Kowace Juma'a ana kai guda rumbun tsimi, a wani gini daban. Wayarka ba kwafi ba ce. Abin da ka goge a waya ya gogu a saba. In ka goge bisa kuskure, sanar da ni a ranar, in maido maka." Na kuma ƙara cewa in saƙo ya yi jinkiri daren Asabar kada a tsorata, sabar mai aikowa takan yi ta sake gwadawa har kwana 4 zuwa 5.

Tsohon Malamin Hausa: Kwafin nan har yanzu bai kwanta mini ba, amma tunda rumbun ya shiga, a tafi a haka. Sai dai ka cire "saba", ka sa "uwar garke".

Ɗan Kawo: Baba, wannan a bar mini shi sai bayan ƙaura. Takarda ta riga ta tafi wajen bugu.