Alkakina yana watsewa a mai, ga sallah ta matso

Assalamu alaikum iyayena da yayyena mata. Don Allah ku taimaka min, saura kwana 9 ƙaramar sallah, kuma bana ni aka ɗora wa alkakin da za a kai gidan surukaina.

Sau biyu ke nan ina gwadawa. Na farko na barzo alkama mudu 1, na murje ta da man gyada, na kwaɓa da nono da ɗan yis, na rufe ta kwana. Da safe na zuba ruwan kanwa, na naɗa su gwanin sha'awa a faranti. Ina sakawa a mai sai suka wargaje, gari ya kwanta a gindin kasko yana ƙonewa. Wallahi har ƙwalla na yi, ga tsadar mai.

Na biyu na ƙara fulawa kofi 2. Bai watse ba, amma ya yi tauri, sukarin da na dafa da tsamiya iya bayansa ya tsaya, cikin a bushe.

Barzar ce ta yi girma, ko man murjin ne ya yi yawa? Kuma da zafinsa ake tsoma shi a sukari, ko sai ya huce?