Neman kalma: me za mu kira "banquette" da teburin da ke tafiya da ita?

Kafinta, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata Hajiya ta nuna mini hoto a waya, tana son irinsa a lungun falonta: doguwar mazauna manne da bango, ta karya kwana, da soso da majingina, a gabanta kuma zagayayyen tebur tsaye kan ƙafa guda a tsakiya. Aikin bai gagare ni ba. Da na zo rubuta mata lissafi ne na rasa sunan da zan sa da Hausa, dole na rubuta banquette da Faransanci, kuma abin ya tsaya mini a rai. Ina neman sunan duka biyun, don tare suke tafiya. Mazaunar ba ta ja baya kamar kujera, ta gefe ake shiga ana jan jiki. In tebur mai ƙafa huɗu ne, kowa sai gwiwarsa ta bugi ƙafar kusurwa kafin ya zauna. Mai ƙafa a tsakiya shi ke barin hanya.

Direba, Ngaundere:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu a tasha banket layin kujerar mota ce, wadda fasinja ke jeruwa a kai. In ka ce wa mutum ka yi banket a falo, mota zai tuna. Ka ce benci kawai.

Kafinta, Garwa:
Na gode, ɗan'uwa, amma benci ana ɗaga shi, a kai gidan biki, a dawo da shi. Wannan kuwa da bango ake haɗa shi, har murfi nake yi wa mazaunin a zuba kwanuka a ciki. In na rubuta benci, Hajiya za ta ga kuɗin ta ce na yi mata tsada.

Malamar makaranta, Marwa:
Yaya, sunan yana ƙofar gidanku: dakali. Gini ne manne da bango, tsayinsa daidai zama, mutane na jeruwa a kai, bangon ne majinginarsu, ba mai ɗaga shi. Su kansu Faransawa, banquette ɗin tasu ƙaramin banc ce, wato ɗan benci, kuma da ita suke kiran ɗan tudun da ake yi a jikin ganuwa ta ciki soja ya hau ya yi harbi. Ka ga ko a wurinsu kalmar ta san ƙasa da bango. Sannan aron yana da wata matsala, ɗalibaina kan rikita ta da banquet, wato walima. Muna da tamu, me zai sa mu ɗauko rikici?

Dattijo, Kusiri:
'Yata, kin kawo magana mai kyau, sai dai dakali na waje ne, na ƙasa ko siminti, inda maza ke shan iska bayan la'asar. Ban taɓa ganin an shimfiɗa masa soso an ci tuwo a kai a cikin ɗaki ba. Uwargida za ta yarda a ce ta gina dakali a falonta?

Malamar makaranta, Marwa:
Allah ya ƙara girma, Baba. Gado ma da na kara ne da na ƙasa, yau na ƙarfe ne da katifa, sunansa bai sake ba. A ƙara masa kalma ɗaya ta raba gardama: dakalin falo. Wanda ya karya kwana kuma, dakalin lungu.

Dattijo, Kusiri:
To, dakalin falo ya zauna a baki. Saura tebur. Ni "mai ginshiƙi" zan ce.

Kafinta, Garwa:
Baba, ginshiƙi ya ba da tsayuwa, amma bai faɗi abin da ya fi damuna ba. Hatsarin teburin nan kifewa ne. Yaro ya dafa baki ɗaya zai tashi, miya ta bi shi, in ƙasan siriri ne ko marar nauyi. Tun jiya nake kallon turmin gidanmu: ƙasa da faɗi, ƙugu a tsuke, sama a buɗe, ga nauyi, ana daka ba ya motsi. Haka nake son ƙafar ta kasance, shi ya sa nake ganin "tebur mai ƙafar turmi". Yaron shago in ya ji sunan ya riga ya san ba da farin katako mai sauƙi za a yi ta ba, sai maɗaci ko iroko, kuma busasshe, don hunturun nan namu ba ya barin ɗanyen katako bai tsage ba.

Ga awon da nake bi. Tebur santimita 75 daga ƙasa, dakali 45 bayan soso ya lotsa, kimanin 30 ke nan tsakaninsu don cinya. Bakin tebur ya shigo kan dakalin da kamar 8 zuwa 10, in ba haka ba mutum zai riƙa miƙa wuya yana ci. Faɗin 120 ya ishi mutum huɗu. Kuma zagayayyen tebur ya fi jituwa da dakalin lungu. A miƙaƙƙen dakali, na tsakiya ne kaɗai ke kusa da kwano, na gefe sun yi nisa.

Malamar makaranta, Marwa:
Na karɓi ƙafar turmi. Roƙona ɗaya, Yaya, kada ka rufe sosan da leda. Zafin Garwa a watan Afrilu ya wuce 40, jiki zai manne. Ka sa yadin auduga mai cirewa a wanke, ko ka aiko mu saya maka fatar Marwa.

Kafinta, Garwa:
Yadi za mu sa, Malama, akwai yara a gidan. Na sake rubuta takardar: dakalin lungu 1, tebur mai ƙafar turmi 1, kujera 2 na ɗaya gefen. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa Hajiya.