Kuɗina na maƙalewa a Legas, ko bulokcen zai yi mini magani?

Mai Wake, Dawanau:
Assalamu alaikum jama'a. Wake nake lodawa daga Dawanau zuwa Legas. Mai saye ya ce ba zai biya ba sai kaya sun sauka, ni kuma da na sallami tirela mai buhu 300 shi kenan sai addu'a. Kaya su sauka, ka buga waya a ce maka gobe, goben ta ƙi zuwa. Ko a ce wake ya yi ƙwari, a zaftare maka kuɗi kan abin da ba ka gani da idonka ba. Ɗan ƙanena mai karatun kwamfuta ya ce akwai wata yarjejeniya da ake rubutawa a bulokcen, wai ita ke riƙe kuɗin, kaya na sauka ta biya ni da kanta. Masana, da gaske ne, ko zancen yara ne?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba, rabin zancen dai ya ba ka. Bulokcen kamar littafin bashi ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, ba wanda zai goge layi shi kaɗai. Tun da wani bulokcen mai suna Ethereum ya fito a 2015 ya zama da sauƙi a saka sharuɗɗa a ciki. Mai saye zai zuba kuɗin tun kafin ka yi lodi, kana ganinsu, amma a kulle suke: shi ba zai janye ba, kai ba za ka ɗauka ba, sai sharaɗi ya cika. Matsalar "gobe" kam ta mutu a nan.

Sauran rabin shi ne yarjejeniyar ba ta da ido. Ba ta san tirela ta shiga kasuwar Mile 12 ta Legas ba, balle ta farke buhu ta duba ƙwari. Dole wani ya gaya mata. In mai saye ne zai danna cewa kaya sun iso, to ka koma gidan jiya. Shi ya sa ake yin makulli uku: naka, nasa, da na wani adali, duk biyun da suka yarda kuɗi ya fita.

Kuma yawanci ba da naira ake yi ba, da kuɗin kirifto ne, wato kuɗin intanet da ke kan bulokcen, irin USDT mai bin farashin dala. Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna taɓa harkar a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disambar 2023, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta sa ta ƙarƙashin SEC, hukumar kula da hannun jari. In ka tura kuɗi adireshin da ba shi ba, babu manajan bankin da za ka je wa.

Ejan a Apapa:
Alhaji, mu da ke tashar ruwa mun ga ƙarshen irin wannan. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk da kamfanin kwamfuta na IBM sun ƙaddamar da wani tsari mai suna TradeLens a 2018 don takardun kwantena su koma bulokcen. A Nuwamban 2022 suka sanar da rufe shi. Na'urar ba ta lalace ba, masu harkar ne ba su shiga yadda ake buƙata ba. A ganina, wa zai zuba sirrin kasuwancinsa a rumbun da abokin gasarsa ya gina? Walmart kuwa, mai manyan kantuna, ta ci nasara a Amurka wajen bin sawun kayan lambu da bulokcen saboda ita ce mai saye, a 2018 ta ce wa masu kawo mata ganye dole su shiga. To a cinikinka wa ke da ƙarfi? Mutumin da ke juya kuɗinka kyauta na makonni, me zai sa ya yarda ya kulle nasa tun kaya ba su bar Kano ba?

Direban Tirela:
Ku yi haƙuri in sa baki, mu ne a kan titin. In an rubuta cewa kaya su iso ranar kaza ko kuɗi ya koma wa mai saye, wa zai faɗa wa kwamfutar gada ta toshe? Ambaliyar Lokoja ta 2022 motoci sun yi kwanaki a layi. Na'urar bin sawun mota ma iyakarta ta nuna inda nake, ba ta ƙirga buhu. A sa kuɗin mota a cikin yarjejeniyar kuma, don mu ma cikon namu yana maƙalewa.

Mai Wake, Dawanau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, ke nan shugaban 'yan wakenmu na can zai iya riƙe makulli na uku? Kowa na jin maganarsa.

Injiniya:
Zai iya Alhaji, in wayarsa na da tsaro kuma an yanka masa la'ada. Amma ku rubuta tun a Dawanau nauyin buhu, irin waken, da yawan ƙwarin da zai sa a rage kuɗi, a ɗauki bidiyon lodi da na sauke. Ka fara gwadawa da buhu 20 da mutumin da ka riga ka sani.