Neman kalma: me za mu kira intussusception a karnuka da kyanwoyi?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ana buƙatar kalmar Hausa ga intussusception, wato yanayin da wani sashe na hanji ke shigewa cikin na gabansa. An kawo "toshewar hanji" da "murɗewar hanji". Likitoci, wanne ya fi?

Likitan tiyatar dabbobi: Wa alaikumus salam. Malam, duka biyun a ajiye su. Toshewa sakamako ce, ƙashi ko leda ko ƙari duk suna toshe hanji. Murɗewa kuwa cuta ce daban: hanji ya juya a kan tantanin da ke riƙe shi, jini ya yanke, kare na iya mutuwa cikin 'yan awoyi. A wannan da kake tambaya babu abin da ya juya. Ka ɗauki safa, ka tura bakinta ciki da yatsa, ta zama ninki uku a wuri ɗaya. Haka hanjin yake yi, kuma yana jan jijiyoyin jininsa su shiga tare da shi. Masu mayar da jini su ke fara matsewa, sai sashen ya kumbura, ya yi baƙi, daga baya ya mutu.

Malamar Hausa: Likita, idan haka ne ina ganin "haɗiyar hanji", tun da na waje ya haɗiye na ciki. Ko kuma "zurmawar hanji", kamar yadda ake cewa ƙafa ta zurma rami.

Mai sikanin: Malama, "haɗiya" za ta kawo ruɗani a asibiti. Tambayar farko da ake wa mai kare ita ce ko ya haɗiyi wani abu, domin zare ko tsumma na cikin abubuwan da ke jawo cutar, musamman ga kyanwa mai wasa da zare. Ka ce wa mutum "haɗiyar hanji ce", zai rantse karensa bai ci kayan ciki ba. "Zurmawa" ta fi, don ta yi daidai da abin da ake gani. In aka yanko hoton sikanin a gicciye, zobe ne cikin zobe kamar saƙar faifai. In aka bi tsawonsa, layuka ne a jere. Hoton ƙashi sau da yawa iska kawai yake nunawa da ta taru a bayan wurin.

Likitan tiyatar dabbobi: Na yarda da "zurmawar hanji". Amma mai rubuta rahoton tiyata yana buƙatar sunan sassan biyu. Ina ba da shawarar "kube" ga na waje, "zurmamme" ga na ciki. Amfanin wannan shi ne koyar da hannu: ba a zare shi kamar wuƙa. Ana kama kuben daga can ƙarshen da zurmammen ya tsaya, a riƙa matsawa a hankali ana tatso shi baya, ɗayan hannun yana tallafe kawai. Wanda ya ja da ƙarfi zai yaga hanji, kashi ya zuba a ciki.

Malamar Hausa: To ai kun kawo matsala da kanku, Likita. Wanda ya ji kube, zarewa zai fara zuwa masa.

Likitan tiyatar dabbobi: Gaskiyarki. Sai a haɗa shi da fi'ilin a duk inda ya fito: "a tatso zurmammen daga kube". In ya ƙi tatsuwa saboda ya manne, ko ya fito amma launinsa bai dawo ja-ja ba, jijiya ba ta bugawa, an mintsine shi bai motsa ba, to yankewa za a yi a haɗa lafiyayyun bakuna biyu. Zare mai narkewa, mai kaurin lamba 3-0 ko 4-0, tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin ɗinki da ɗinki, kuma kowane ɗinki ya kama shimfiɗar da ke ƙarƙashin fatar ciki ta hanji, ita ce mai ƙarfin riƙe zare. Ɗinkin farko a gefen tantanin da ke riƙe hanji ake sa shi, nan kitse ke ɓoye bakin hanjin, nan kuma aka fi samun yoyo. A gwada ko akwai yoyo da ruwan gishiri na asibiti a sirinji, sannan a lulluɓe wurin da tantanin kitsen ciki. In ɗinki zai warware, galibi tsakanin kwana 3 zuwa 5 ne, shi ya sa zazzaɓi ko amai a waɗannan kwanaki ba abin jira ba ne. Kafin a kai ga wuƙa ma sai an yi ƙarin ruwa, don amai da zawo sun riga sun tsotse dabbar.

Mai fassara: Wani ya ce a garinsu "fitar baya" suke cewa.

Mai sikanin: A'a, wannan dubura ce da kanta ta fito. Sai dai zurmamme kan yi tsawo har ya leƙo ta dubura, ya yi kama da ita. Ana bambancewa da yatsa ko ma'aunin zafi da aka shafa wa mai: a zura tsakanin naman da ya fito da bakin dubura. In ya tokare nan kusa, fitar baya ce. In ya wuce ciki sosai, zurmawa ce, kuma mayar da ita da hannu ba ya magani, sai an buɗe ciki.

Likitan tiyatar dabbobi: A saka wannan a bayanin kalmar: an fi ganinta a kwikwiyon da bai kai shekara ba, bayan cutar fabo (parvo, mai sa kare amai da zawon jini) ko macijin ciki, yawanci a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, inda ake jin dunƙule mai tsawo kamar guntun rogo in an lalubi ciki. A tsohuwar kyanwa kuwa a zargi ƙari, a aika abin da aka yanke ɗakin gwaji.

Mai fassara: Na gode. Na rubuta zurmawar hanji, kube, zurmamme, tatsowa. Saura ɗinkin da ake jera hanji ninki-ninki don kada ya sake zurmawa.

Likitan tiyatar dabbobi: Wannan ka buɗe masa tambaya daban, Malam. Likitoci ma ba su daidaita a kan yin sa ba, don wani lokaci shi kansa yana jawo toshewa.