Waƙar da DJ ya saka a wunin biki: wai waƙoƙin yanzu kaɗai ke sa mutum jin kunya?

Kawu Sani: Salamu alaikum jama'a, an tashi lahiya, ya gajiyar biki. Ni dai ba ni iya yin shiru da abin da yaf faru jiya a Mabera. Muna zaune ƙofar gida ƙarƙashin rumfa da surukkanmu da sunka zo daga Gwadabawa, dattawa masu hurhura, sai yaron nan mai DJ yas saki wata waƙa daga cikin gida, murya siririya awa ta sauro, yana siffanta jikin mace tun daga sama har ƙasa, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Baban ango kai ya sadda yana jan tasbaha, ba wanda ya iya kallon wani. Waƙoƙin yanzu dut abin kunya na. Na da ba su haka.

Hajiya Inno: Yaya gaskiya ka faɗi. Ni ina ciki, sai da na aika Rabi ta ce mishi ya canza, ya canza ya sako wadda ta fi ta muni.

Bashir: Kawu Allah ya huci zuciyarka, waccan waƙar kam ba ta dace ba, ban musa ba. Amma cewa DUK na yanzu abin kunya ne na da kuma tsarkakakku, a nan ne zan ɗan ja da kai in ka ba ni izini

Kawu Sani: Ja mu ji ɗana.

Bashir: Gambo fa? waƙar ɓarayi ya yi ta yi shekara da shekaru, yana kiran sunayensu yana zuga su, har daga baya shi da kanshi ya tuba ya bari. Kassu Zurmi ma ya yi wa 'yan tauri ya yi wa ɓarayi. Waɗannan ai ba 'yan TikTok ba ne, kuma duk nan ƙasar Sakkwato ta da suka fito, kuma ku kuka saye kaset ɗinsu ba mu ba

Rabi'atu: Yaya Bashir ka manta da amada. Duk wadda ta taɓa zama wurin kiɗan ƙwarya ta san abin da ake faɗi, habaicin kishiya da maganar ɗaki ba a rufe komai. Marigayiya Barmani Choge har ta rasu a 2013 ba a san ta da ɓoye-ɓoye ba kuma iyayenmu mata suna son ta har gobe.

Hajiya Inno: Ke Rabi kama bakinki. Amada mata zalla muke yi cikin gida, ƙwarya bisa ruwa, sautinta bai wuce zaure. Namiji ko ɗan shekara goma bai shiga. Yaushe surukina ya taɓa jin abin da muka faɗi wurin amada? Jiya ko lasifika huɗu anka jera, har masallacin unguwa ana ji

Malam Nasiru: Na karanta duka. Ni damuwata ba batsa kaɗai ba ce, akwai wata kunyar ta daban, wadda kake ji in ka ga mutum ya tsaya gaban jama'a yana yin abin da bai iya ba. Ku ɗauki makaɗan fada. Salihu Jankiɗi da taushinsa yana fadar Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Narambaɗa da kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa. Ɗanƙwairo shi ma kotso, ya rasu 1991. Mutanen nan ba a wayi gari aka gan su suna waƙa ba, yaro zai fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya zama ɗan amshi, ya yi shekaru yana karɓi bayan uban kiɗa kafin a bar shi ya ja baki. Waƙa tana da gindi, wato amshin da ake maimaitawa, a kafa shi, a tafi ɗiya bayan ɗiya, wato baiti bayan baiti, ana komowa kan gindin, ga kirari ga tarihin kakannin sarki ga zambo ga habaici wanda sai ka kwana biyu kana juya shi kafin ka gane wa aka soka. Kuma a gaban sarki da hakimai ake yi, in murya ta karye kowa ya ji, babu a sake. Yanzu yaro zai shiga situdiyo da rana, mai fiyano ya danna masa kiɗan da ya riga ya sayar wa mutum biyar, ya yi baiti huɗu duk ƙarshensu "zuciya", "soyayya", "rayuwa", inji ya miƙe masa murya, da magariba waƙa ta fito.

Bashir: Malam injin nan da ake zagi, ototun, wani kamfani ne a Amurka ya fitar da shi 1997 don a gyara ɗan kuskuren murya yadda ba za a ji ba. In an matsa shi har ƙarshe ne yake ba da wannan muryar ta ƙarfe. Kayan aiki ne kamar makirfo, laifin mai murɗawa ne

Malam Nasiru: To ai shi nake faɗi Bashir, an murɗa har ƙarshe saboda babu muryar da za a gyara. Na taɓa zuwa wani biki a Runjin Sambo, an gayyato mawaƙi da kuɗi masu yawa, yana ta motsa baki waƙar tana fita daga fulash, janareta ya mutu, jama'a suka ce ya ci gaba da baki. Baiti ɗaya ya yi kowa ya sadda kai. Tausayinsa na ji wallahi, har yanzu in na tuna tsigar jikina tashi take. Ɗan Anace a filin dambe da kalangu kawai yake sa Shago ya taso, babu wuta babu janareta.

Umar Arkilla: Ni ta siyasa ta fi ci mini rai. Lokacin zaɓe kowane kabu-kabu da agwagwa da buje (keke napep) waƙar ɗan takara ce ke tashi, an ce ya gina abin da muna gani da idonmu bai gina ba, bayan zaɓe mawaƙin ya koma wajen wanda ya zaga jiya ya canza suna kawai kiɗan ma bai canza ba. Shi bai ji kunya ba ni da ke saurare nake ji masa

Bashir: Umar roƙo ai ba yau aka fara ba. Ɗanƙwairo bai yi wa Sardauna waƙa ba? makaɗan fada ba doki da riga ake ba su ba? wanda ya hana su kyauta ba zambo yake sha ba?

Kawu Sani: A'a Bashir kada ka haɗa. Makaɗin fada ubangida guda gare shi, shina nan tare da shi har mutuwa, wani lokaci ma ɗanshi ya gaje shi ya ci gaba da yi ma ɗan sarkin. An san gidan da ya tsaya. Wanga na yanzu wanda yab biya yau shi na gwani.

Rabi'atu: Kawu amma a yi mana adalci. Waƙoƙin da da kuke ji yanzu a Rima Radio zaɓaɓɓu ne, waɗanda suka yi kyau su aka adana. A zamanin Shata ma akwai makaɗa barkatai a kasuwanni da tashoshi da ba su iya ba, an manta da su ne kawai. Mu kuma namu duka muke ji, mai kyau da marar kyau a waya ɗaya. Akwai yara yanzu masu murya, masu tsara baiti da amsa-amo daidai, wasu har kalangu da gurmi suke sawa a situdiyo, ni ina da su a wayata kuma zan iya kunnawa a gabanka ban ji komai ba

Malam Nasiru: Wannan magana ce Rabi'atu, na karɓi rabinta. Rabin da ban karɓa ba, makaɗin tasha na da a tasha yake tsayawa, ba a ɗauko shi a kai shi gaban surukai. Yanzu wadda ta fi rashin kunya ita ta fi yawo, don ita ake yi wa rawa a ɗora a TikTok, DJ kuma abin da ke yawo yake sakawa.

Hajiya Inno: Kuma 'yan matan namu su ke roƙonshi ya saka, na gani da idona. Kada a ɗora ma yaron laifi shi kaɗai

Bashir: Shi ke nan Inna kin zo inda nake. Ba zamani ba ne, ba inji ba ne, wuri ne. Waƙar jiya da a kunnen mutum take shi kaɗai da ba wanda ya sani

Kawu Sani: Ko a kunnenka kai ɗai Bashir, waƙag ga ba ta da kyau, kuma ba ni janye maganata. Ni dai ban taɓa jin waƙar kotso na rasa inda zan sa kaina ba.

Umar Arkilla: To bikin Asabar mai zuwa a Gawon Nama fa, shi wannan DJ ɗin aka riƙe ko?

Hajiya Inno: Shi na, an ma ba shi rabin kuɗi.

Rabi'atu: Ku bar ni da shi Inna. Zan zaɓo waƙoƙin da kaina in zuba a fulash, Malam ya saurara tukun, abin da ba ya ciki ba za a saka ba, kuma lasifika biyu sun isa a juya su cikin gida

Kawu Sani: In dai za a yi haka ki sa mini Jankiɗi ko guda, lokacin da dattawa za su zauna cin abinci.

Bashir: Kawu 'yan mata za su watse fa

Hajiya Inno: Su watse su ci abinci, an gama su dawo.